Gorar Lemon da Ta Tada Hankalin Layinmu

Wata Asabar da la'asar ina zaune a ƙofar gida sai na ji "fuuu!" Gorar lemo ta tashi sama ta faɗo kan kwanon maƙwabcina. Mata suka hau salati, yara suka watse. Ashe ɗana ne da abokansa, wai roka suka haɗa. Sun zuba ruwa sulusin gorar, suka toshe bakin, suka yi ta dura iska da famfon keke har toshiyar ta fice. Ruwa ya feso ƙasa, gora ta yi sama.

Maƙwabcin ya fito jiki na rawa: "Haba Malam, a garin nan?" Ban ga laifinsa ba. Wanda ya ga jajibirin ƙaramar Sallar 2015, ranar da bam ya tashi a babbar kasuwar Gombe, ba ya wasa da ƙara.

Na ɗauko bulala, sai idona ya faɗa kan tabon yatsana. Muna yara mukan kankare kan ashana mu naɗe a takardar sigari mai ƙyalli mu kunna. Duka muka sha, babu wanda ya ce mana ilimi ne.

Alhali haka abin ya faro. Sinawa sun ɗaura albarushi a kibiya tun ƙarni na 13. Rokar da Robert Goddard ya harba a wata gona a Amurka a 1926 mita 12 kacal ta tashi. Bayan Rasha ta harba Sputnik a 1957, yaran Amurka suka dinga haɗa nasu suna ƙonewa, sai manya suka ƙera musu ƙananan injuna marasa haɗari, suka kafa ƙungiya da dokoki. Mu kuwa, NigeriaSat-1 rokar Rasha ce ta kai shi sama a 2003, NigComSat-1 kuma ta Sin a 2007. Har yau a ta aro muke hawa.

Na ajiye bulalar, muka je muka ba Alhaji haƙuri. Sharaɗinmu: ruwa da iska kawai, ba ashana ba fetur, a filin ƙwallo, da babba a wurin, da sanin mai unguwa.

Asabar ɗin da ta wuce Alhaji da kansa ya riƙe famfon, ya jiƙe sharkaf yana dariya. Iyaye, in kun ga yaro da gora da famfo, ku tambaye shi tukuna. Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka.