Jifan da ba ya faɗowa ƙasa

Hausawa na cewa komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Malamin fiziks ma haka zai faɗa maka, sai dai shi zai kira abin da sunan ƙarfin jan ƙasa. To amma akwai wasu wasannin tsere na na'urar hannu da aka gina su a kan saɓa wa wannan doka. Motocin cikinsu ba su da taya, shawagi suke yi kaɗan sama da titi, suna gudun da ido ba ya iya bi.

Kamfanin Nintendo na Japan ne ya share fagen da wasan F-Zero a 1990. A 1995 wani kamfani mai suna Psygnosis da ke Liverpool a Ingila ya fito da Wipeout. Da farko sai an jona su da talabijin ake bugawa, daga baya suka shigo aljihu: F-Zero ya hau Game Boy Advance a 2001, Wipeout Pure kuma ya hau PSP a 2005. Wannan na biyun shi na sani ciki da bai, domin yayana ya bar mini tsohuwar PSP ɗinsa ina aji uku na ƙaramar sakandare. Baba ya gindaya sharaɗi: tana cikin durowarsa daga Lahadi zuwa Juma'a, ranar Asabar kawai take zuwa hannuna.

Duk wanda ya saba da gem ɗin mota na yau da kullum zai sha mamaki a karon farko. Ka karya kwana, hancin motar ya juya, amma jikinta ya ci gaba da sulalewa inda ya nufa tun farko, sai ka ji ka a jikin bango. Maganin abin shi ne maɓallai biyu da ke kafaɗun na'urar, L da R. Kowanne birkin iska ne na gefe guda. In ka danna na hagu, iska ta riƙe wannan ɓangaren, sai motar ta karkata hagu. Dole kuma ka danna tun kafin ka iso kwanar, in ka bari sai ka shige ta, ka makara.

Abokaina sun haddace wannan da yatsu suka wuce. Ni kuwa tambaya ce ta tsaya mini a rai: me ya sa take sulalewa? Sai da muka shiga SS1 na sami amsa, ranar da malam ya koyar da dokar Newton ta farko. Abin da ke tafiya zai ci gaba da tafiya a miƙe har sai wani ƙarfi ya tare shi. Motar gaske tana iya shan kwana ne saboda gogayyar taya da kwalta. In ka cire taya ka cire gogayyar, iska kaɗai ta rage maka. Ashe masu wasan ba shirme suka zauna suka tsara ba.

Na tambayi malam ko akwai irin wannan mota a duniya. Ya ce har yau ba wanda ya iya kashe ƙarfin jan ƙasa, amma ana iya ture shi da maganaɗisu. A birnin Shanghai na ƙasar Sin akwai jirgin ƙasa mai shawagi a kan maganaɗisu da ke ɗaukar fasinja zuwa filin jirgin sama tun 2004. A 2015 kuma wani jirgin gwaji na Japan ya yi gudun kilomita 603 a awa ɗaya, yana sama da hanyarsa da kimanin santimita 10. Ban yi barci da wuri ba a daren nan. Daga wannan hirar ce na fara tunanin karanta injiniyancin lantarki, wanda shi nake yi yanzu a jami'a.

Ƙannena, ba cewa nake gem zai ci muku WAEC ba. Na san waɗanda ya cinye wa lokaci har sakamakonsu ya lalace, shi ya sa har gobe ina ganin hikimar durowar Baba. Abin da nake so ku riƙe shi ne, duk wasan da ke hannunku mutane ne suka rubuta shi da lissafi da fiziks, kuma su ma a aji irin naku suka fara. In wani abu ya ba ku mamaki a ciki, ku rubuta tambayar a bayan littafinku, ku kai wa malam ranar Litinin.