Minna da tsakar rana: Zagayen gari tare da mai cutar lufus

Mai karatu, in ka taso daga Suleja ka wuce Lambata da Paiko, kafin ka gama shiga Chanchaga rana ta riga ta yi maka barka da zuwa Minna. A watannin Maris da Afrilu zafin garin kan doshi digiri 40, kwalta na tururi, masu doya a bakin titi kowa ya laɓe a 'yar rumfarsa. Mai lafiya zai sha ruwan leda ya share gumi ya ci gaba da harkarsa. To yau ina so ka zaga garin nan kamar kana riƙe da jakar ƙanwarka wadda likita ya ce tana da lufus, ka ga yadda Minna za ta sauya maka kama.

Lufus cuta ce da garkuwar jiki ke ruɗewa, ta koma yaƙar jikin da aka ba ta tsaro: fata, gaɓoɓi, jini, ƙoda, wani lokaci har zuciya da ƙwaƙwalwa. Cikin masu ita goma, kusan tara mata ne, galibi daga shekara 15 zuwa 45, wato daidai shekarun karatu da aure da goyo. Ba a ɗaukarta ta cin abinci kwano ɗaya ko kwana ɗaki ɗaya. Hasken rana kuwa yana cikin abubuwan da ke tayar da ita. Yinin kasuwa guda zai iya jawo ƙuraje a kumatu da karan hanci masu siffar malam-buɗe-littafi, da zazzaɓi, da kasalar da za ta kwantar da mutum kwanaki.

Shi ya sa a shataletalen Mobil, inda ababen hawa ke haɗuwa daga kowace kusurwa, ba za ka ɗora ta a babur ba. Ka tsayar da Keke Napep mai rufi, ta zauna ɓangaren inuwa. Cefane a Kasuwar Kure a yi shi da sassafe, ko a bari sai bayan la'asar. Lema, da riga mai dogon hannu, da man kare fata daga rana su zama 'yan cikin jaka. Man bilicin kuwa a yi nesa da shi, fatar da ke fama ba ta bukatar ƙarin wahala.

Daga Mobil ba nisa zuwa tashar jirgin ƙasa, wadda ita ta raya Minna tun zamanin Turawa, tun kafin ta zama babban birnin Jihar Neja a 1976. Gari ne na mahaɗa, Gwari da Nufawa da Hausawa da Yarabawa da Ibo, kuma kowa da fassarar da yake wa ciwon da ya ƙi jin magani. In mace ta yi wata da watanni tana shan maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifod ba sauƙi, gashi na zuba, baki na gyambo, yatsu na kumbura da safe, sai ka ji an fara raɗa: jifa ne, ko sammun kishiya, ko iska. A nan ake asarar lokaci, kuma ƙoda ba ta jira. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, a haɗa biyun.

Asibitocin da za ka fara tunkara su ne Babban Asibitin Minna da ke tsakiyar gari da Asibitin Ƙwararru na IBB da ka wuto a Chanchaga. Ka gaya wa likita labarin tun daga farkonsa, kada ka tsaya ga ciwon yau kaɗai, domin lufus a tarin alamomi ake gane ta, sannan gwajin jini irin su ANA ya ƙarfafa zato. Gwajin fitsari ba shi da tsada, amma shi ke fara nuna ko ƙoda ta taɓu. Fitsari mai kumfa ko kumburin ƙafa da fuska ba abin a bari sai an yi albashi ba ne.

Likitocin da suka ƙware a cututtukan gaɓoɓi da garkuwar jiki 'yan kaɗan ne a duk Najeriya, mafi yawansu a manyan asibitocin koyarwa suke. Don haka kada ka yi mamaki in an rubuta muku takardar zuwa Abuja ko Shika ta Zariya. An daɗe ana cewa cutar ba ta cika samun 'yan Afirka ta Yamma ba, sai likitoci irin su Farfesa Olufemi Adelowo a Legas suka riƙa tattara bayanan marasa lafiyarsu, aka ga ashe tana nan, ganewa ce ba a yi.

Tafiyar nan ita ce ke karya iyali: kuɗin mota na mutum biyu, na gwaji, na magani, kuma ba sau ɗaya ba. Babban maganin da ake dogara da shi, haidroksikulorokwin, kullum ake sha shekara da shekaru, tare da duba ido lokaci-lokaci. Masu cutar ba su manta 2020 ba, lokacin da aka yi rububinsa saboda korona, ya yi tsada ya yi wuyar samu. Firedinisolon kuma ba a yanke shi rana ɗaya don an ji sauƙi, likita ne ke rage shi a hankali. Maganin ciwon jiki na kemis, in aka mayar da shi goro, ƙoda yake ci.

Ranar 10 ga Mayu ce ranar lufus ta duniya, ana sa tufafi masu launin shunayya. A Legas akwai gidauniyar Labalaba da ke wayar da kai, sunan kuwa malam-buɗe-littafi yake nufi da Yarbanci, kuma ana iya bibiyar ta a intanet daga Bosso ko Maitumbi. Amma ni a ganina taimakon da ya fi kusa yana cikin unguwa. 'Yan adashin Tunga za su iya ba ta ɗauka a watan da za ta ga likita. Matan Islamiyya ko na coci a Kpakungu za su iya raba ranakun kai mata yara makaranta. Uwar miji ta san cewa kwanciyar surukarta ba lalaci ba ce, ko da fuskarta ta nuna lafiya lau. Maigida kuma ya shiga wurin likita tare da ita, ya ji da kunnensa cewa mai lufus tana haihuwa, in an jira ciwon ya lafa kamar wata shida aka kuma daidaita magunguna kafin ɗaukar ciki.

Bayan magariba iska kan sauko daga duwatsu, masu tsire da gasasshiyar doya su kunna wuta a gefen titin Bosso. Lokacin ne za ta iya fita ta miƙe ƙafa ba lema. In gobe ce ranar asibitin Abuja, ka haɗa takardun gwajinta da kwalayen maganin da take sha tun daren, ku kama motar farko bayan asuba, ka nema mata kujerar da ba ta jikin taga.