Kaboyi, da mahayin da ya fita daga Keffi

Yaranmu na unguwa sun ɗauka fim mai dogon zango da Labarina ko Kwana Casa'in ya fara. To, ba haka ba ne. Dabarar yanke labari a daidai inda zuciya ta tsinke, a ce sai mako mai zuwa, ta girmi iyayenmu ma.

A Amurka, tun ana fim marar magana ake yin ta. Da murya ta shigo, kamfanin Universal ya fitar da The Indians Are Coming a 1930, kashi 12, Tim McCoy ne jarumin. Daga baya Republic, wanda aka kafa a 1935, ya zama gwanin abin: Zorro Rides Again a 1937, The Lone Ranger a 1938 mai kashi 15. Yawanci kashi bai fi minti ashirin ba, ana nunawa mako-mako, galibi ranar Asabar, don yara. Sai keken doki ya faɗa kwazazzabo da jarumi a ciki, shi ke nan, a kunna fitila. Mu 'yan kasuwa mun san wannan: ka ɗanɗana wa mai saye, gobe da ƙafarsa zai dawo. Amma akwai tauye mudu a ciki. Mako na gaba sai a saƙa wani hoto da ba a nuna ba a da, wai ashe ya yi tsalle ya dira kafin keken ya faɗa. An sayar maka da mutuwa, an ba ka tsira, kuma ba mai kai ƙara! A 1956 aka yi na ƙarshe, talabijin ta kashe kasuwar.

Finafinan kaboyi sun iso Arewa ta gidajen silima na Kwarori, irin su Rex da aka buɗe a Kano a 1937, kafin na Indiya su ƙwace fage. Mu kuwa a talabijin baƙi da fari muka tsinci ragowarsu, muka yi bindigar kara, muka yi sukuwa a kan sanda. Ba mu jin Turancin, kuma ba a bukata. Doki Bahaushe ya san shi.

Abin da ke tsaya mana a rai yanzu shi ne mutanen da ake harbewa. Masu gashin tsuntsu a ka, da ake kira jajayen Indiyawa, su ne 'yan ƙasa. Filinsu aka zo ci. A yawancin finafinan nan ba su da uwa, ba su da gona, ihu kawai suke yi su faɗo daga doki. Wanda ya ci yaƙin shi ya riƙe kyamara.

Mu a Keffi bai kamata wannan ya zama baƙo gare mu ba. A watan Oktoba na 1902 Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney, wakilin Turawa, a cikin garin nan. Ya hau doki ya nufi Kano, Sarki Alu ya karɓe shi da girma, Lugga kuma ya sa wannan cikin hujjojinsa na afka wa Kano a Fabrairun 1903. Kabarin Baturen na nan kan dutsen da ake kira da sunansa. Da Republic ce ta ɗauki labarin, mun san wanda za a ba farin doki.

Ba mu ce Magaji waliyyi ne ba. Ya kai hare-haren kama bayi, kuma jikokin waɗanda abin ya shafa maƙwabtanmu ne, muna sahu ɗaya da wasunsu a masallaci, muna ciniki da sauran a kasuwa. In mu muka ba da labarin muka share wannan, mun yi irin na masu fim ɗin kaboyi ke nan, sai dai an sauya riga.

Ga matasanmu da ke karatu a jami'ar jiha, nan bakin gari, kowa da waya mai ɗaukar hoto. Kashi 12 ne a shirye, daga ƙofar fada zuwa Kano. Sharaɗinmu ɗaya: su zauna da dattawan ɓangarorin duka kafin su rubuta, kuma wanda ya faɗa kwazazzabo a kashi na uku, kada mu gan shi a na huɗu.