Sunan cuta ɗaya, ƙarfi dabam

Cikin ma'aikatan gwamnati da sunka aje aiki a Maraɗi, da dama kiwon kaji masu ƙwai sunka runguma, don kuɗin fansho ba ya kai ƙarshen wata. Akwai wani dattijo cikinsu, tsohon malamin makaranta, wanda murar kaji ta shiga ma akurki hunturu biyu a jere. Ta farko ta zo da atishawa da ƴar majina, ta yi kwanaki ta wuce, ƙwai bai ragu ba sai kaɗan. Ta biyu kuwa, cikin kwana uku fuskokin kajin sunka kumbura, idanu sunka manne, wari ya cika ɗakin, abinci na zube ba mai taɓawa. Masu shayin tasha da ya saba kai ma ƙwai kowace safiya sunka koma wajen wani, alhali mai masara da dusa na jiran kuɗinsa.

Maƙwabta ba su rasa bayani ba: wani ya ce baki ne, wani ya ce dusar ce. Likitan dabbobi ya duba, ya ce cutar bara ce ta dawo, wadda ake kira koriza. Dattijon bai gamsu ba. Mutumin da ya shekara talatin yana gyaran takardun ɗalibai ba ya yarda a ba amsa biyu mabambanta maki ɗaya. In cutar ɗaya ce, don me bara ta yi sallama ta wuce, bana ta shimfiɗa tabarma?

Daga bakin likitan, da abin da ya bi ya karanta, ya gane cewa ƙwayar bakteriya mai kawo koriza, wadda masana ke kira Avibacterium paragallinarum tun 2005, zuri'a ce mai rassa. A 1962 wani masani mai suna Page ya kasa ta gida uku, A da B da C, daga baya anka sake tsaga gidajen ɗaki-ɗaki. Kaka ɗaya, amma wani jikan ya fi wani mugunta.

Abin da ya fi kama hankalinsa shi ne yadda ake auna muguntar. Ƙidayar mushe ba ta wadatarwa, don koriza ita kaɗai ba ta cika kisa ba. Ƙwai take ci, daga kashi 10 har 40 cikin ɗari. A Afirka ta Kudu, masani Robert Bragg ya bayyana wata dabara a 2002. Ana jera kaji goma cikin keji masu haɗe da juna, a ɗura ma guda ɗaya tak ƙwayar da allura cikin kogon fuska, a bar sauran su kama yadda kaji ke kamawa a gida. Kowace rana, har kwana 20, a dubi kowace kaza a ba ta maki gwargwadon majinarta da kumburinta, a tara, a raba da yawan kajin. Nan tsohon malamin ya yi murmushi, don lissafin aji ne sak, sai dai a nan wanda ya zo na ɗaya shi ne abin gudu. Da wannan awo anka ga reshen C-3 ya fi kowa zafi cikin huɗun da anka gwada, C-2 na bin sa, A-1 da B-1 kuwa sanyi-sanyi. Dabarar tana nuna abu biyu a tashi ɗaya: saurin yaɗuwa da tsananin ciwo.

Wannan ba zancen masu farar riga kaɗai ba ne, ya shafi aljihun mai saye da mai sayarwa. Allurar rigakafin koriza tana tsare kaza ne daga gidajen da anka zuba cikin kwalbar, kuma ko cikin gidan C kāriyar wani ɗaki ba ta rufe wani duka. A Afirka ta Kudun, C-3 ya yi ta yawaita cikin garken da anka yi ma allurar da ba ta ƙunshe shi ba. Tun daga nan dattijon ba ya sayen kwalba sai ya sa tabarau ya karanta abin da ke jikinta, ko da mai kanti zai ƙosa.

Likitan dai ya ja masa kunne kada ya ɗora komai a kan ƙwayar. Ƙurar hunturu, da cunkoso, da wata ƙwaya mai suna Mycoplasma da ke laɓe cikin garke, duk suna iya mai da mura mai sauƙi ta zama annoba. Ya ƙara da maganar da ta fi nauyi: kazar da ta warke tana ci gaba da ɗaukar cutar, fuskarta sumul, tana raba ta ga duk wadda ta sha ruwa tare da ita.

Bayan kajin sun farfaɗo, wani tsohon abokin aiki da ke shirin fara kiwo ya zo da tayi mai kyau, don ya haɗa su da sababbin da ya sayo. Kuɗin ya isa ya biya mai masara har a samu saura. Dattijon ya kwana biyu yana juya maganar, sannan ya ce masa: «Malam, waɗannan ba na kiwo ba ne.» Ya jira kwanakin magani sunka fita daga jikinsu, ya sayar ma masu gasa kaji a farashin nama, ya wanke akurkin ya bar shi fayau har mako uku. Mai masara kuwa, sai da fanshon gaba ya fito sannan ya karɓi cikon kuɗinsa.