Motar Da Ta Ƙi Barci

Na koyi aikin wayarin mota a Kaduna, inda aka fara harhaɗa motocin Peugeot a 1975. Motar wancan zamani ba ta ɓoye wa mutum kome. In fitila ta mutu, sai ka bi waya da hannu har ka kai inda ta tsinke.

Manyan jif na yau ba haka suke ba. Cikin guda ɗaya akwai ƙananan kwamfutoci da yawa, wata ta inji, wata ta birki, wata ta ƙofofi, wata ta kujeru. Duka suna magana da juna ta wayoyi biyu da aka murɗe tare, dabarar da kamfanin Bosch na Jamus ya fito da ita a 1986. Kamar gida ne mai yawan jama'a. In ɗaya yana tari da dare, ba mai samun barci.

Tun daga 1996 motocin da ake sayarwa a Amurka suna zuwa da wani soket mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari. Nan muke jona na'urar bincike. Amma na'urar nan inda ciwo yake kaɗai take nunawa, ba ta faɗin abin da ya kawo shi.

A farkon wata damina wani direba ya kawo mini jif ɗin maigidansa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baba, ka taimake ni. In motar nan ta kwana biyu a ajiye, ba ta tashi. An sa sabon batir sau biyu. Yanzu maigida ya ce ni nake musanya batirin in sayar. In ta sake, a bakin aikina." 'Ya'yansa huɗu, biyu suna makaranta. A wani gareji kuwa an riga an ce sai an sayi sabuwar kwamfuta, don na'ura ta nuna laifi wajen goma.

Na ce, "Ɗana, zauna. Ruwa ba ya tsami banza."

Daga batir na fara, gama in wuta ta yi ƙasa, kowace kwamfuta sai ta yi ta kai ƙara. Lafiyayyen batir cikakke yakan nuna bolt 12.6. Da muka yi wa nasa caji, haka ya nuna. Na ta da inji, na ga 14.2, ashe abin cajin motar lafiya lau. Na duba kaurarar wayar da ta haɗa batir da jikin mota, ba tsatsa, ba sako-sako.

Sai aikin haƙuri. Motar zamani ba ta mutuwa nan take in an kashe ta. Kwamfutocinta sukan kwanta ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci har rabin sa'a ko fiye. In duk sun yi barci, wutar da take ja bai kamata ta wuce kashi 1 cikin 20 na amfiya ba. Na jona ma'auni, na rufe motar, na kai makullin can nesa don kada ya tashe ta. Bayan sa'a guda tana nan tana jan amfiya 2. Ɓarawon batir yana cikin motar.

A tsohuwar mota da sai in riƙa zare fis ɗaya ɗaya. A wannan kuwa, in ka zare fis ka mayar, ka tashi dukan gidan. Saboda haka na bar su a wurinsu, na auna kan kowane ɗaya, har na sami wanda wuta ke bi. Hanyarsa ta kai ni ƙarƙashin kujerar gaba. Da na ɗaga shimfiɗar ƙasa, sai ga ta sharkaf da ruwa. Mahaɗar wayoyin ta yi kore shar.

Daga ina ruwan? Motar tana da tagar rufi. Kowace irin wannan taga tana da 'yan siraran bututu masu kai ruwan sama ƙasa. Ƙurar hunturu da ganyen darbejiya sun toshe ɗaya, ruwa ya biyo ta ciki. Damshin ya sa wata kwamfuta tana tashin sauran dare da rana. Na buɗe bututun, na busar da wurin, na sa sabuwar mahaɗa. Motar ta yi barci.

Ban bar direban ya tafi da baki kawai ba. Na ƙunshe masa ruɓaɓɓiyar mahaɗar a takarda, na ce ya kai wa maigida ya gani da idonsa. Bayan mako biyu ya zo da matarsa su yi godiya, yana nan a kan aikinsa.

Mai karatu, in an ce maka a sayi kaya mai tsada, tambayi makanikin abin da ya auna, da abin da ya gani. Kafin ruwan fari, sa a duba bututun rufin motarka. In kuwa abu ya lalace a hannun mai yi maka aiki, bincika tukuna kafin ka buɗe baki. Hausawa sun ce zato zunubi ne, ko da ya zama gaskiya.