Aikin Ƙamus a Kasuwar Gine-gine: Auna Bayanin Kayan Aikin Wakilan Ƙirƙirarriyar Basira

Ta ƙofar ƙamus na shigo wannan batu. Nazarin da na yi a digiri na biyu ya shafi yadda ake tsara ma'anar kalma a ƙamusoshin Hausa, tun daga na Bargery (1934) da na Abraham (1949) har zuwa Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero (2006). Da na fara karanta yadda ake haɗa wakilan ƙirƙirarriyar basira da rumbunan alƙaluman gine-ginen kasuwanci a Amurka, sai na ga matsalar da masu manhaja ke fama da ita tsohuwar matsalarmu ce: yaya za a fayyace abu ga mai karatun da ba shi da hanyar komowa ya tambayi marubuci abin da yake nufi?

Wakili a nan manhaja ce da ake ba umarni da harshen mutane, ita kuma ta zaɓi kayan aikin da za ta kira don cika umarnin. A tsarin MCP, wanda kamfanin Anthropic ya fitar a watan Nuwamba na 2024, kowane kayan aiki yana zuwa da suna, da ɗan bayani cikin zube, da jerin guraben da za a cike. Wakilin ba ya ganin abin da ke cikin rumbun kafin ya yi kira. Da waɗannan 'yan jimloli kaɗai yake yanke shawarar kayan aikin da zai ɗauka da abin da zai zuba a kowane gurbi. Ke nan bayanin nan shigar ƙamus ce, illa dai kuskurenta da kuɗi ake biyansa.

A kasuwar ofisoshi da shaguna da ɗakunan ajiya ta Amurka, inda kamfanoni irin su CoStar ke tara alƙaluma, galibi ana faɗin kuɗin haya bisa murabba'in ƙafa ɗaya a shekara. Amma a sassan jihar Kalifoniya an saba faɗinsa a wata. Alal misali, ofishin da aka rubuta masa dala 2.50 a wata farashinsa ɗaya da wanda aka rubuta wa dala 30 a shekara. Idan bayanin kayan aikin ya tsaya a “yana dawo da kuɗin haya”, wakili na iya ɗaukar ofishi na farko a matsayin wanda ya fi araha sau 12. Haka kuma murabba'in mita ɗaya ya kai kimanin murabba'in ƙafa 10.76, don haka gurbin “girma” da ba a faɗi ma'auninsa ba tarko ne. Akwai kuma hayar da mai gini ke ɗaukar nauyin haraji da inshora da gyara, akwai wadda ɗan haya ke biyan dukkan ukun ban da kuɗin hayar. Lamba ɗaya a waɗannan yarjejeniyoyi biyu ba nauyi ɗaya take ɗora wa ɗan haya ba.

Idan zan auna irin wannan bayani, tambayoyin da nake yi wa shigar ƙamus su nake yi masa. Ya bambanta abin da makusantansa? Kayan aikin da ke nemo gine-ginen da aka sa a kasuwa daban yake da wanda ke nemo cinikin da aka riga aka kammala, domin farashin da mai gini ya nema ba lallai ne ya zama wanda aka sallama a kai ba. Ya guji fassara kalma da kanta? Bayanin da ya maimaita sunan kayan aikin kawai bai ƙara komai ba. Ya faɗi iyakarsa, wato garuruwan da rumbun ya ƙunsa, da ranar da aka sabunta shi, da abin da amsa maras komai ke nufi? Wannan ta ƙarshe ta fi damuna, domin “babu gini” da “ba mu da labari” amsoshi biyu ne, kuma mai neman shago zai yi asara idan aka ba shi ɗaya a madadin ɗayar.

Karanta bayani kaɗai ba ya isa, sai an gwada akan san na ƙwarai. Dabarar da na ga ta fi dacewa ita ce zubin kamantau da muka koya a tsarin sauti, inda sauti guda ke raba “kara” da “ƙara”. A tsara buƙatu biyu da kalma ɗaya ta raba su: “nemo ɗakin ajiyar da ake hayarwa” da “nemo ɗakin ajiyar da aka hayar”. Idan wakili ya kira kayan aiki guda a duka biyun, bayanin bai raba ma'ana ba. Sai a gyara jimla ɗaya tak, a sake gwaji sau da yawa, tunda wakilin ba ya ba da amsa iri ɗaya kullum.

Abin da ya sa nake ganin batun ya shafe mu shi ne, bayanan nan da Ingilishi ake rubuta yawancinsu, alhali umarni na iya zuwa da Hausa. Bahaushe na cewa “jingina” yana nufin a karɓi kuɗi a damƙa gona ko gida har sai an mayar da kuɗin, amma da kalmar ake fassara bashin banki da ake ba da gida a matsayin lamuni. “Sayen fili” a Nijeriya, tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, sayen haƙƙin zama ne, wanda takardarsa kan ɗauki shekara 99, domin ƙasar tana hannun gwamna bisa amana. Wakilin da ya zuba waɗannan kalmomi a guraben da aka tsara don dokar Amurka zai kawo amsa mai tsari wadda ba ta dace da tambayar ba.

Shawarata ga sassan Hausa ita ce mu fara tara irin waɗannan tagwayen buƙatu daga bakin dillalai da 'yan kasuwa, tare da ma'anar haya da jingina da la'ada da sallamawa kamar yadda ake amfani da su a ciniki. Masu manhaja sun san yadda ake kiran kayan aiki, amma tantance ko an fahimci Bahaushe daidai aikin wanda ya san harshen ne.