Darasin da Na'urar Tankin Ruwa Ta Koya Mana a Utako



Duk mai ɗiban ruwa a rijiyar burtsatsenmu ya san tankin ya daɗe yana ambaliya idan an manta ba a kashe injin ba. Ɗaya daga cikin matasanmu ya haɗa mana 'yar na'ura mai auna ruwa, ta turo saƙo a waya idan tankin ya cika. Ƙwaƙwalwarta ESP32 ce, faɗinta kamar kan sarki. Ba ta jiran wutar NEPA: ƙaramin faifan sola ke tsinto mata wuta, ta tara a batir.

Da hunturu ya shigo, muka nemi a sauya mata umarni. Yaron ya ce a bari ya sauko da ita gida. Mu 'yan kwamiti muka ce: "Haba ɗan samari, aikin minti biyar ne, yi a nan." Ya hau da kwamfuta ya fara lodawa. Hazo ya daɗe da rufe rana, ƙura ta lulluɓe faifan, batir ya yi sanyi. Ana tsakiyar rubutu wuta ta gaza, na'ura ta yi gum.

Ashe wannan mai gyaruwa ne, sake lodawa kawai ake yi. Amma muna ƙasa muna ta azalzalarsa. Cikin sauri ya jona mata wutar kwamfuta kai tsaye, bai cire layin sola ba. Kafar USB tana ba da volt 5, ita kuwa ESP32 da volt 3.3 take aiki, ba ta jure fiye da 3.6. Sai ƙauri muka ji. Ƙwaƙwalwar ta ƙone, wutar ta koma baya ta lalata allon da ke cajin batir.

Kuɗin gudummawarku ne ya tafi, kuma a taro an so a ɗora wa yaron laifi. Gaskiya laifin namu ne. Ya san aikinsa, girmanmu ya gani ya kasa musa mana.

Da aka sayi sabbin kaya, sai muka zauna muka saurare shi. Ga ƙa'idar da muka rubuta a littafin ƙungiya:

Kafin a loda komai, a sauko da na'urar, a cire faifan sola da batir. A ba ta wuta tsayayya daga tushe guda kawai. A auna da mita, a tabbatar volt 3.3 ne kafin a jona. Sai an cire wayar kwamfuta sannan a mayar da sola. Ya kuma sa mata ɗan makunni da ke raba layukan biyu, don kada mantuwa ta sake ja mana asara.

Yanzu tana aiki, ambaliya ta tsaya. Masu shaguna a kasuwar Utako da ke amfani da ƙananan kayan sola, ku ma ku kiyaye. Idan mai gyara ya ce a dakata, ko da sa'an ɗanka ne, a dakata. Sauri ya haifi nawa.

Sakataren Ƙungiya